Mun Sayar da Motar da Ba Mu Gama Gyarawa Ba

 Waɗansunku sun daɗe suna tambayarmu labarin 'yar motar nan da muka yi shekara huɗu muna aiko muku da hotunanta, yau an sauke inji, gobe an ɗaura birki, jibi ana kankare tsatsa. To, motar ta bar hannunmu a watan jiya. Mun sayar da ita ba mu gama ta ba, ba mu kuma taɓa hawa titi da ita ko sau ɗaya ba. Mun ga ya dace mu ba ku labarin cinikin, domin makonni shidan da muka yi muna neman mai saye sun gwada mu fiye da shekara huɗun da muka yi muna gyara.

Mu biyu ne, wa da ƙane, 'ya'yan bakanike. Babanmu ya yi shekaru yana gyaran Peugeot 504 a Kaduna kafin Ubangiji ya kira shi gida, kuma a ƙarƙashin motocin mutane muka koyi bambanta sifana mai lamba goma da mai lamba goma sha uku. Yanzu muna zaune a Coventry, a tsakiyar Ingila. Babbanmu direban bas ne, ƙaraminmu ma'aikacin jinya.

Bari mu fara bayyana irin motar, gama ba a cika ganin irinta a gida ba. Wanda ya san Kakuri ya san cewa a 1975 aka fara kawo sassan Peugeot daga Faransa ana haɗa su a masana'antar Kaduna. To, a Ingila akwai ƙananan kamfanoni da suke sayar wa mutum ɗaya irin wannan kaya: su ba ka shasi, wato ƙashin bayan mota na ƙarfe, su ba ka bodi, kai kuma ka nemo tsohuwar mota ka cire mata inji da giya da birki, ka haɗa da hannunka a garejin gidanka. Mu kan kira ta motar haɗa-da-kanka.

Haraji ne ya raya wannan sana'a. A wancan zamani gwamnatin Birtaniya tana ɗora harajin saye mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba ta ɗora shi a kan motar da aka sayar gunduwa-gunduwa. Da Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, 'yar mota mai kujera biyu marar ƙofa, mutane da yawa a kwali suka saye ta don su tsira daga harajin. A 1973 aka kawo harajin VAT, wannan rangwame ya ƙare, a shekarar ce kuma kamfanin Caterham ya sayi izinin ci gaba da ƙera Seven, har yau yana yi. Amma sha'awar ta riga ta shiga jinin mutane. Ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa, a cikinsu akwai Dutton, wanda Tim Dutton ya kafa a 1970 a garin Worthing da ke kudancin Ingila. Motocinsa masu araha ne, na ma'aikaci mai ƙaramin albashi, ya kuma sayar da dubbai kafin ya daina irin wannan ƙira a 1989.

Tamu Dutton Phaeton ce. Takardunta sun nuna an yi mata rajista a 1984. Bodinta na faiba ne, robar nan mai zaren gilashi da ake yin ƙananan jiragen ruwa da ita, shasinta kuma bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda. Injinta na Ford Escort ne, wanda ake kira Crossflow mai girman 1600, inji mai sauƙin kai da ba shi da kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Mun fara ganin irinta a baje kolin irin waɗannan motoci da ake yi a Stoneleigh a lokacin, kusa da garinmu. Da muka leƙa cikin injin muka ga kafireta da fulogi huɗu da bel ɗaya, sai muka kalli juna. Irin injin da Baba yake ganewa da kunne ne.

A farkon 2021 muka saye ta fam 1,300 daga hannun wata gwauruwa. Mijinta ya wargaza ta zai sabunta, ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Rabin motar a cikin kwalaye muka kwaso. Muka kama hayar gareji fam 60 a wata, muka mai da ranar Asabar ranar mota.

Mun yi aiki ba kaɗan ba. Mun sauke injin, mun sa sababbin zobban fistin da gasket, mun wanke kafireta, mun sāke lagireto da kuloci. Mun sabunta birki gaba da baya. A watan Satumba na shekarar da muka saye ta aka fara sayar da fetur mai suna E10 a gidajen mai na ƙasar, wanda yawan sinadarin etanol ɗinsa yake cin tsohuwar roba, sai muka sāke duk bututun mai. Ranar da injin ya tashi, a bazarar 2023, mun kira Mama a waya don ta ji ƙararsa. Ta yi shiru tana saurare, sannan ta ce, "Kamar ƙofar gidanmu da safe."

Abin da ya rage shi ne wayoyin lantarki, kujeru, fenti, da wani aiki guda a shasi wanda za mu zo kansa.

Abu uku ne suka haɗu a wata ɗaya suka sa muka yanke shawara. Mai garejin ya ba mu wata biyu mu tashi, zai sayar da wurin. Ƙaraminmu ya sami aiki a wani asibiti a Aberdeen, can arewacin Sikotland, tafiyar yini guda a mota. Sannan rufin gidan Mama a Kafanchan, wanda muka daɗe muna faci, ya kai inda faci ba ya yi, ga damina tana tafe. Muka zauna muka duba. Aikin mutum biyu ne, ɗaya zai tafi, wurin aikin ma zai tafi, kuɗin da motar take jira kuma Mama ta fi ta bukatarsu. Ba mu yi doguwar gardama ba, ko da yake daren nan ba wanda ya yi barcin kirki.

Abu na farko da mai sayar da aikin da bai kammala ba yake haɗuwa da shi shi ne lissafi. Tun ranar farko muna da littafi da muke rubuta kowane noti da muka saya. Da muka tara, kayan gyara sun ci fam 2,600. A haɗa da kuɗin saye, fam 3,900 ke nan, ban da hayar gareji ta wata 48, ban da Asabar wajen ɗari biyu. Muka duba abin da ake sayar da irinta, muka ga ko wadda take tafiya a titi da ƙafarta ba lalle ta kai wannan kuɗi ba, balle wadda za a ɗauka a tirela.

Dalilin ba boyayye ba ne. Mai saye ba ya biyan gumin da ka zuba, abin da ya rage masa ya yi shi yake auna wa. Ba ya nan lokacin da ka ɗaure kan injin, bai san ko ka ɗaure daidai ba, don haka sabon kayan da ka saya jiya fam ɗari, da zarar ya hau tsohuwar motar da ba ta tafiya, ya zama na hannu. Kuma kowa ya san cewa "saura kaɗan" a bakin mai mota yana iya zama shekara biyu. Muka sa fam 2,400, muka shirya zuciyarmu a kan za a rage.

Abu na biyu shi ne rubuta talla, a nan ne kuma maganar shasi ta taso. A Ingila ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa abokin gāban ƙarfe ne. Faiba ba ta tsatsa, saboda haka irin waɗannan motoci sukan yi kyau a ido alhali ƙarfen da yake ɗauke da su ya zama garin kwaki. Da muka ɗaga daɓen motar a sanyin bara, mun tarar da bututun ƙasa na gefe biyu sun ruɓe. Mun yanke na hagu mun sa sabo. Na dama, wanda yake ƙarƙashin kujerar direba, daidai inda ake ɗaure bel ɗin kujera, ba mu kai gare shi ba.

Wurin ba ya ganuwa sai an cire kujera an ɗaga daɓe. Wani abokin aikin babbanmu, da kyakkyawar niyya a ganinsa, ya ce mu shafe shi da baƙin fentin nan mai kauri da ake shafa wa ƙasan mota, mu mayar da daɓe, mu rubuta cewa an sayar yadda aka gani. Ya ce haka kowa yake yi, kuma wanda ya sayi tsohuwar mota ya san abin da ya saya. Muka yi masa godiya. Sannan muka ɗauki sukudireba muka soka a cikin ramin har ya fito ta ɗaya gefen, muka ɗauki hoto, muka sa shi na uku a jerin hotunan talla. A ƙarƙashinsa muka rubuta cewa kada kowa ya tuƙa motar nan sai an yanke wannan bututu an sa sabo. Tunaninmu ɗaya ne: ranar da wani zai taka birki da ƙarfi, wannan ƙarfe ne zai riƙe shi a kujera, kuma ba za mu kasance a wurin mu gaya masa ba.

Hoton ya kore mana mutane. A mako biyu na farko waya ta yi ta ƙara, amma yawancin masu kira suna ganinsa sai su yi shiru. Wani ya taya fam 800 bai ko gaishe mu ba. Wani ya yi alkawarin zuwa ranar Asabar, muka yi musayar aiki don mu jira shi, bai zo ba. Wani ya zo da abokansa biyu, suka zauna a ciki suka ɗauki hoto suka tafi. Kwanakin gareji suna ta raguwa.

A mako na huɗu wani mutum ya kira da magana mai daɗi. Bai tambayi inji ba, bai tambayi tsatsa ba. Tambayarsa ɗaya: me aka rubuta a takardar mallaka? A nan sai mun yi ɗan bayani. Kowace mota a Birtaniya tana da takarda mai suna V5C daga hukumar rajistar motoci ta DVLA, wadda take nuna sunan ƙirar mota da lambar shasinta. A shekarun 1980 mutum yana iya haɗa mota a gida ya sa ta a titi ba tare da wani tsattsauran bincike ba. Daga 1998 aka kawo gwaji na musamman ga motar da aka haɗa a gida, a 2009 kuma aka maye gurbinsa da wanda ake kira IVA. Gwajin yana da tsanani. Ana duba ƙarfin birki, inda aka ɗaure bel, fitilu, hayaƙi, ƙara, har da kaifin gefen ƙarfe da zai iya yanka mai tafiya a ƙasa. Yana cin ɗaruruwan fam, kuma da yawa ba sa ci a karo na farko. Motar da aka yi wa rajista daidai tun kafin wannan doka, kamar tamu, ba ta bukatarsa.

Mutumin nan ya haɗa wata mota a bayan gidansa, ba ya so ya kai ta gwaji. Abin da yake nema shi ne takardarmu, da lambarmu, da ɗan farantin ƙarfen da aka buga lambar shasi a kai. Zai manna su a tasa, ta zama Dutton ta 1984 a idon hukuma. Ya ce zai ba mu fam 1,500 a hannu a ranar, motar kuma mu riƙe abinmu mu sayar gunduwa-gunduwa. Muka yi lissafi a tsaye. Inji da aka sabunta, giya, tayoyi, sabon birki, lagireto, in aka sayar da su ɗaya-ɗaya aka haɗa da kuɗinsa, za mu haura fam 3,000. Wannan ya rufe gidan Mama har da canji.

Ba za mu ɓoye muku ba, tayin ya yi nauyi a hannu. Ba wanda zai sani. Takarda ce kawai da ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Amma abin da yake nema laifi ne a dokar ƙasar, kuma ko da doka ba ta hana ba, ma'anarsa a fili take: motar da ba wanda ya duba birkinta za ta hau titi da sunan da muka sayar, ta bi ta gaban makaranta, wata rana kuma a sayar wa wani wanda bai san komai ba. Ita kuma tamu, wadda wani bawan Allah ya haɗa da hannunsa shekara arba'in da suka wuce, za ta zama tarkace marar suna. Muka ce masa a'a. Ya ƙara fam 200. Muka ce maganar ba ta kuɗi ba ce. Ya ce mu ne za mu yi asara, ya kashe waya.

Daren nan muka kira Mama muka gaya mata duka, domin rufinta ne a kan layi, ya kamata ta sani. Ƙaraminmu ya ce, "Mama, mai yiwuwa kuɗin da za mu turo ba zai rufe gidan duka ba." Ta ce, "'Ya'yana, ruwan da ya zuba a ɗakina bara bai kashe ni ba. Ina da bokiti. Babanku ya yi shekara talatin yana gyaran mota, bai taɓa ɓuya don ya hango mai mota yana zuwa ba. Kada ku sa mini kwanon da zan riƙa jin kunyar kallonsa." Daga nan ba mu sāke tayar da maganar ba.

Saura kwana tara mu bar gareji wani dattijo ya kira. Tsohon mai walda ne da ya yi ritaya. Ya ce hoto na ukun nan ne ya sa ya kira, domin ya duba tallace-tallace da dama, namu ne kaɗai ya nuna masa inda ciwon yake. Ya zo da jikarsa 'yar shekara goma sha shida, da tocila, da ƙaramar guduma. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin motar, da tsufansa, ya yi kusan rabin awa yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Ya yaba waldar da muka yi a hagu, ya kuma nuna mana wani wuri a baya da ya ce nan da shekara biyu zai nemi kulawa. Muka tayar da injin, ya sa hannu a kansa ya rufe ido. Yarinyar kuwa littafin lissafinmu ta ɗauka tana bi shafi-shafi, tana tambaya me ya sa aka sāke wannan, ina aka sayi wancan.

Kada ku ɗauka don mutumin kirki ne ya biya abin da muka sa. Ya san ciniki. Ya lissafa mana kuɗin ƙarfe, da na wayoyi, da na fenti, ya taya fam 1,700. Muka ce albarka. Muka yi ta ja har muka tsaya a fam 1,900, da sharaɗin zai kwashe komai kafin ƙarshen mako. Wannan bai kai rabin abin da muka kashe ba, ya kuma gaza abin da za mu samu ta wancan hanya da fiye da fam dubu.

Ranar ɗauka mun jera masa komai. Kowane kwali da takardar abin da yake ciki, kowace jakar noti da sunan inda aka cire ta, rasit-rasit a cikin ambulan, da takarda guda mai jerin abin da aka yi da abin da ba a yi ba, muka sa hannu dukanmu. Muka sanar da DVLA ta intanet cewa mota ta sāke hannu, muka ba shi ɗan koren yankin takardar da ake ba sabon mai mota, muka tuna masa cewa sanarwar da muka yi ta cewa motar ba ta hawa titi ba ta bin sabon mai ita, sai ya yi tasa. Littafin lissafin muka miƙa wa yarinyar. Akwai sauran shafuka a ciki. Sifanar Baba guda biyu da muka zo da su daga gida ne kaɗai muka riƙe, kowa ya ɗauki ɗaya.

Kuɗin ya rufe ɗakin kwanan Mama da falo. Kicin da ɗakin baƙi suna jiran baɗi.

'Yan'uwa, mun san yawancinku ba za ku taɓa sayar da irin wannan mota ba. Amma kusan kowa a cikinmu zai sayar da wani abu wata rana, waya ce mai batir da ba ya riƙe caji, keken ɗinki ne, babur ne, janareta ne, ko fili mai rigima a kan iyaka. A kowane ciniki akwai abin da mai sayarwa ya sani wanda mai saye bai sani ba, kuma a wannan ɗan tsakani ne ake gane mutum. Gwajin ba ya zuwa lokacin da aljihu yake cike. Yakan zo ne daidai lokacin da ake bukatar kuɗin, da dalili mai kyau a hannu, kamar rufin gidan uwa. Ba za mu ce muku faɗin gaskiya yana kawo riba nan take ba, mu dai ya rage mana kuɗi. Abin da ya bar mana shi ne lambar wayarmu tana hannun dattijon nan, in ta yi ƙara ba ma fargaba.

Ga kuma waɗanda suke riƙe da wani aiki da ya tsaya, shago ko gini ko sana'ar da aka fara da zafi, yanayi ya juya. Akwai aikin da ake daurewa a gama, akwai kuma wanda lokacinsa a hannunka ya cika. In ya zama dole ka saki, ka sake shi a tsabtace, yadda na bayanka zai san inda ka tsaya ya ɗora. Motar nan hannu uku ta bi kafin mu, kowa ya yi nasa ya wuce. Mu mun karɓe ta a kwali, mun miƙa ta da inji mai tashi da birki mai kamawa.

Makon jiya yarinyar ta aiko mana da hoto. An yanke bututun dama, sabo yana wurin, waldar ta ɗan karkace a farko sannan ta miƙe. Ta rubuta cewa kakanta ya yi farkon inci biyu don ya nuna mata, sauran ita ta yi.

Ku riƙa tunawa da Mama cikin addu'a yayin da damina take kankama, da ƙaraminmu a sabon wurin aikinsa. Ubangiji ya kiyaye ku, ya sa albarka a aikin hannuwanku.